Yatsan da Na Baro a Abijan

Awudu ɗan kawuna ne ya kashe mini babban yatsan hannun dama. Da gangan ya yi, yana dariya, ya ɗauki abin a waya ya aiko unguwarmu Nima a Gana tun kumburin bai sauka ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta rabi ya ce bai gane inda na dosa ba.

Tun da na dawo ba ni da sakat. A ƙofar masallaci, wajen mai koko, kan bencin da muke zama a Kawukudi, tambayar ɗaya ce: "Wanzam, yaya Abijan? Yaya bindiga?" Kaɗan ne ke son su ji, sauran dariya suke nema. Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, da hagu, a waya. Wanda ya sake tambayata in tura masa.

Ni wanzami ne, ubana wanzami, kakana da zabirarsa ya biyo fataken goro ya sauka Zango. Askin suna, kaciya, ƙaho, duk a gidanmu ake nema. Mazan da ke ɗaga kafaɗa a unguwar Mamobi yau, da yawansu a cinyata suka yi kukan farko mai dalili. Amma sana'ar ta daɗe tana zubewa. Kaciya ta koma asibiti, samari sun koma wajen masu inji da madubi har ƙasa. Aka bar ni da tsofaffi masu sanƙo da 'yan gidajen da har yanzu kaka ke da ta cewa. Ba yawa, amma da shi ake ɗora tukunya.

Ana haka Awudu ya kira. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, taubasai ke nan, kuma tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba. Ya daɗe a Abijan yana tuƙa wani mai kamfanin gadi, irin masu rakiyar motar kuɗin banki.

"Bawana, har yanzu kana bin tsofaffi da sabulu?"

Na ce ina bi.

"Maigidana na neman manyan mutane, ba yaran da ke shan hayaƙi ba. Mai natsuwa, mai hannu tsayayye. Na ce masa ina da bawa a Gana, hannunsa ko sauro ya sauka a kai ba ya motsi. Gwajin harbi kawai za ka yi. Taho."

Matata Ladi tana tsinken ganye ta ji komai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Awudun da ya zuba maka barkono a buta ranar ɗaurin aurenmu?" Na ce wannan ƙuruciya ce. Ta ce, "To." Ita Ladi in ta ce to, ta gama magana.

A tashar Kaneshi na shiga mota. Kafin mu fita cunkoson garin Kasuwa rana ta take, rigata ta manne da kujera. Kusa da ni wata Bafantiya ce, 'yar ƙabilar Fante, mai sayar da busasshen kifi, mace mai jiki, kwandonta a kan ƙafata tun daga tasha. Da mota ta tashi ta yi wa kowa addu'a da sunan Yesu, ta juyo ta ce, "Malam, kai ma yi taka, a haɗa." Na yi. Da ta ji sana'ata ta buga cinya ta ce 'ya'yanta maza duk wanzam ne ya yi musu, kuma har yau in ta hangi mai zabira sai ta tsallaka titi. Ta ɓare dokunun Fante, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta raba biyu, ta zaɓo mini kifi mai tsoka. A duk tafiyar nan ita ce mutum ta farko da ta yi mini alheri, ban kuwa tambayi sunanta ba. A Takoradi ta sauka, ƙafata ta dawo tawa, na canza mota zuwa Elubo.

Iyaka gada ce kan kogi. Nan Elubo, can Nowe, kuma da ka tsallaka Turancinka ya mutu. Ɗan guntun da na tsinta a makaranta kafin a cire ni bai yi mini komai ba. Suka ce katin rigakafi, ba ni da shi, aka tsira mini allura a wani ɗaki mai warin magani. Sannan ɗan kwastan ya buɗe jakata ya ci karo da zabira. Ya jera asake a kan tebur, ya jera ƙahoni, ya kira abokinsa, abokin ya kira wani. Yana ta yi mini Faransanci yana nuna wuyansa. Na nuna kaina, na yi kamar ina aski. Ya ɗaga 'yar ƙaramar askar, wai wannan fa? Ina da zaɓi? Na miƙe ɗan yatsana na hagu, na ja fatar bakinsa, na yi abin da ake yi. Ofishin ya ɗauki dariya, wata mai kaki har da riƙe bango. Mutumin ya haɗa gwiwoyinsa, ya tura mini kayana da bakin biro, ya ce in wuce. Ni ma na yi dariya a lokacin. Ina da yatsan yin dariya.

Abijan babban gari ne, ba zan ɓoye ba. Gadoji, benaye, ruwa ta ko'ina. Motar hayarsu, irin trotro ɗinmu, baka suke ce mata, kuma yaran motarsu sun fi namu rashin kunya, abin da ban zaci zai yiwu ba. Awudu ya tarye ni a tashar Ajame, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya kama ni ya gwara gefen kansa da nawa, dama da hagu, wai haka manya ke gaisawa a can. Na ce a Nima raguna ke yin haka.

Na ɗauka gidansa za mu. Ya ce matarsa na da baƙi, ya kai ni bayan wata rumfar abinci inda 'yan Nijar ke kwana, ya damƙa ni hannun babbansu, Illiya mutumin Tawa. Tabarma, sauro, warin man suya da ya shiga bango. Amma mutanen kirki ne. Suna yi wa Hausata ta Zango dariya, ni ina yi wa tasu, muka zauna lafiya.

Abincin da suke sayarwa garba sunansa. Rogo ne aka barza aka turara, sai soyayyen kifin teku, albasa, ɗanyen barkono, a murmushe magi a kai haka nan ɗanye, a zuba cokalin man da aka soya kifin. Da hannu ake ci, yawanci a tsaye. Mai kwat da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa. Kuma duk Bahaushen da ke bayan tire, ko sunansa Illiya ko Mamman, Garba suke kiransa. Na ce wa Illiya, "Ba ka jin haushi?" Ya ce, "Wanzam, kai wa ke kiran sunanka na yanka?" Burodinsu kuwa sanda ne, dogo, ya fasa mini dasashi ranar farko. Na yi kewar wake da shinkafar Nima da shito, soyayyen yajinmu, kamar na shekara.

Wajen harbin yana bayan gari, hanyar Basam, cikin itatuwan kwakwa. Tudun yashi a gaba, allunan takarda, tebur ƙarƙashin rumfar kwano. Mai koyarwa tsohon jandarma ne, siriri, kunnensa ɗaya ya mutu, kowa Shef yake ce masa. Ba ya jin Hausa, ba na jin Faransanci. Awudu ne tafinta. Ku riƙe wannan.

To, masu tambayar yaya bindiga, ga amsarku. Kowace bindiga in ta tura harsashi gaba sai ta shuri mai riƙe da ita, amma shurin kala-kala ne, kuma ba a gane shi da ido.

Ta farko ashirin da biyu suke ce mata. Doguwar baki, harsashinta bai kai guntun fensir ba. Na ja kunama ina jiran mutuwa, sai na ji tas, kamar ɗan akuya ya taɓa tafin hannuna da hanci. Na ƙarar da harsasan. Aka ɗauko takarda, hudojin duk sun taru wuri guda, murfin kwalba zai rufe su. Shef ya kama hannuna ya juya shi sama da ƙasa kamar mai sayen kaza. Awudu ya ce, "Wai ina ka koya?" Na ce a kan jarirai.

Ta biyu ita ce tara, baƙa, rabinta roba, irin ta 'yan sanda. Wannan mari take yi. Kaifi gare shi, ya zo ya wuce, bakin ya yi tsalle sama. Ba ciwo sosai, amma a hannuna ta dinga sarƙewa, kwanson ya maƙale a baki kamar karen da ya ciji ƙashi. Shef ya yi tsawa, ya damƙe wuyan hannuna da hannu biyu ya matse. Wannan ko ba tafinta na gane: ƙulle shi, kar ya lanƙwasa.

A nan matsalata take. Ubana da bulala ya koya mini riƙon aska. Yatsa uku, babban yatsa a miƙe yana tokare ƙota, wuyan hannu a sake kamar ba naka ba, don shi ke bin tudu da kwarin kai. Yana cewa wanda ya damƙe aska ya yi yanka. Tun ban fi tebur tsawo ba nake haka. In na natsu a kan abu, hannun da kansa yake saki. Bindiga kuwa akasin haka take so. Shef ya matse, in riƙe, da na sa ido kan allo sai hannun ya koma gidan ubansa. Awudu na gefe yana kallo. Ya ga wannan sarai, har ya kwaikwaye ni.

Ta uku arba'in da biyar, ƙarfe zalla, nauyi kamar dutsen guga na gawayi, harsashi kamar babban yatsa. Na tsorata da ita. Sai ga shi ba ta mari, turi take yi, a hankali, kamar wata Hajiya mai jiki ta ture ka a layin trotro. Ka matsa baya, amma ba ka ji zafi ba. Na fi jin daɗinta a kan tara.

Ta huɗu libarba ce mai ganga, talatin da takwas, babba, mai ƙotar katako. Ita ce tawa. Ba ta sarƙewa ko ka riƙe ta yaya, shurinta kamar a ƙwanƙwasa ƙofar da kake jingine da ita. Na yi harbi mai kyau. Shef ya buga kafaɗata ya nuna ta, ya nuna motar kamfani da ke fake. Ita masu rakiya ke ratayawa. Na tuna Ladi, na ce a raina yau to ɗinki ya faɗi ƙasa.

Abin da na gane daga baya, a kan tabarmar Illiya, shi ne nauyin ƙarfe ke shanye shuri. Babbar bindiga ta raba dukan da kai. Ƙarama mara nauyi ba ta da inda za ta ajiye shi sai a ƙashinka. Ni kuwa da hankalin wanzami na je: ƙaramar aska, ƙaramin yanka.

Aka kira Shef a waya, ya juya kunnensa mai rai ya taka zuwa wajen motoci. Awudu ya zaro wata 'yar libarba daga aljihu, ta maigidansa ce da ke zama a mota. Guntun baki, tafin hannu ya rufe ta, nauyinta bai fi na wayar nan ba.

"Ƙanwar wadda ka harba yanzu ce," in ji shi. "Ta jakar mata. Yi mini ɗaya da hannu guda, riƙon wanzamai, in ɗauka in tura wa Ladi ta san mijinta ya zama soja."

Na ce a jira Shef.

"Ɗan mace dai ɗan mace ne. Wadda matan Lebanon ke sawa a jaka ita kake jira a riƙe maka?"

Abin da ban sani ba, gangar irin wannan tana cin harsashi iri biyu. Akwai talatin da takwas ɗin da na saba, akwai wani mai kauri ɗaya da shi amma ya ɗan fi tsawo, maganam, wanda ko a babbar bindiga sai an riƙe da hannu biyu an cije. Shi Awudu ya zuba.

Na riƙe ta yatsa uku, babban yatsa a miƙe a bayanta, wuyan hannu a sake. Har murmushi na yi wa waya.

Ban ji ƙara ba, wuta na gani. Kamar an ɗora tafin hannuna a kan maƙera an sauke guduma. Bindigar ta tashi ta maida babban yatsan baya inda Allah bai yi shi ya je ba, ta wuce ta sare ni a goshi. Na samu kaina zaune a yashi, jini na shiga ido. Wai na ce "Wayyo Inna." Ban tuna ba, amma duk kun ji, kun fi ni sani. Abin da na tuna shi ne dariyar Awudu, har wayar na rawa a hannunsa.

Shef ya dawo a guje. Ya ɗauki bindigar, ya buɗe ganga, ya zazzage kwanson. Ya tsinci ɗaya daga na ɗazu a ƙasa, ya jera su biyu a tafin hannuna na hagu, dogo da gajere. Sannan ya juya kan Awudu da faɗa, jijiyar wuyansa a tashe. Na ce me yake cewa? Awudu ya ce, "Wai ka cika raki."

Illiya ya kai ni wajen wani maɗori ɗan garinsu. Ya lalluba ya ce ƙashi lafiya, jijiyar da ke riƙe yatsan ce ta tsinke, wannan ba aikinsa ba ne. A asibiti suka naɗe, suka yi maganar tiyata da wata irin murya da na gane ba da irina suke ba. Aikin gadi kuwa, wa zai ba mai hannu a naɗe libarba? Awudu ya zo sau ɗaya da lemo a leda, ya ce, "Bawana, ka yi suna, har 'yan Kumasi sun gani." Ranar da zan taho Illiya ya ƙulle mini garba a leda, ya ɗaukar mini jaka har tasha. Da mota za ta tashi ya ce, "Mu ma muna da taubasai a Tawa. Amma wasanmu ba ya kai ga abin da mutum ke ci da shi."

A Nowe na sake faɗawa hannun ɗan kwastan nan. Ya gane ni, ya kira abokansa, ya miƙe yatsa yana kwaikwayon abin da na yi, ya turo haɓarsa wai in gyara masa. Na ɗaga hannun da bandeji. Ya daina dariya, ya ce in wuce, bai buɗe jakar ba.

Bidiyon ya riga ni isowa. An sa masa kiɗa, an maimaita wajen faɗuwar. Yara a lungunmu in sun hango ni sai su dafe goshi su zube ƙasa. Manya kuma su kalli tabon su ce ashe gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa. Ladi ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta dai fara soya ƙosai da safe a bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da aka kwance hannun, yatsan na motsi. Kowa ya ce alhamdu lillahi. Amma motsi daban, riƙo daban. Ba ya tokare komai. In na matsa shi da manuni sai ya gudu gefe, hannun ya kama rawa. Na gwada a kan Alhaji Tanko, dattijon da nake wa aski tun yana da baƙin gashi. Askar ta zame ta tsaga shi bayan kunne. Ya dafe da hula ya ce ba komai, Juma'a ta zagayo na gan shi yana fitowa daga shagon masu inji yana kauda kai. Aka yi haihuwa a wani gida da kakana ya yi wa kakansu aski. Na je ranar suna da zabirata kamar kullum. Kakar jaririn ta tare ni a soro, ta ce, "Wanzam, ka yi haƙuri, mun kira wani." Ta sa aka zubo mini tuwo da nama. Ban ga laifinta ba. Ko ta miƙo jaririn ba zan karɓa ba.

Na kai ƙara wajen Kawu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Taubashinka ne. Ba a fushi da wasan taubashi, mu ma haka muka taso." Limamin unguwa ya ce haƙuri. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ai Awudu ne, ka san halinsa. Wato don an san halinsa shi ke nan yatsana ya zama halal.

Da Babbar Sallah ya zo gida. Kawu ya aiko a kira ni Mamobi, wai a sasanta. Na je da zabirata. Tsakar gida cike, ana suyar nama, Awudu na zaune cikin farar shadda, ya ajiye mini yadi a leda.

"Bawana, har yanzu fushin ne? Kawo hannun mu gani." Ya kama yatsan ya kaɗa shi a gaban mutane. "Ku duba, ga shi yana motsi. Lafiyarsa ƙalau. Raki ne irin na 'ya'yan mata."

Aka yi dariya. Kawu ya ce, "To ka ji. A yafi juna."

Na ce to. Na jawo kujera 'yar tsugune na ajiye a tsakiya. Na buɗe zabira, na kaɗa sabulu, na wasa babbar aska a fata da hagu, na maida ta dama. Kowa na ganin bakinta na rawa.

Na ce, "Zauna in gyara maka gemu. Ni na yi maka na angonci. Daga maƙogwaro zan fara, kamar kullum."

Ya yi dariya ya dubi ubansa. Kawu na kallon ƙasa. Matan da ke suya suka tsaya.

"Haba bawana, ai jiya na yi aski."

"Yatsan lafiyarsa ƙalau, kai ka faɗa. In ta zame kuma, ni ma taubashi ne. Kawu zai ce wasa ne. Zauna."

Bai zauna ba. Hannunsa ya tafi wuyansa, ina jin bai ma san ya kai shi ba.

Na ninke askar na ce masa, "Kai ƙato da gemunka ka hana ni wuyanka. Ni kuwa jarirai 'yan kwana bakwai ake miƙo mini. Ɗauki yadinka, Awudu. Kuma kar ka ƙara ce mini bawanka. Bawa ma ana barinsa da hannun da zai yi aiki."